Motar da Ta Kai Mu Kuta

Shekarun baya, sayen mota a Minna sai mutum ya sa hularsa ya je da ƙafarsa. Akwai wani fili a bakin titi inda ake jera motocin da aka shigo da su daga waje, waɗanda muke kira tokumbo. Yanzu jikokina daga falo suke cinikin mota. Su ga hoto a waya, su aika da nasu farashi, a aiko musu da wani, har a gama babu wanda ya ga fuskar wani. A da kuwa sai an ba ka benci a ƙarƙashin mangwaro, an tambayi iyali da gajiya, an kawo ruwa ka sha, sannan a yarda a faɗa maka ko nawa ne. A kan irin wannan bencin wani abu ya taɓa faruwa da ni, kuma duk shekara idan damina ta kankama sai ya dawo mini.

A lokacin ban daɗe da ajiye aiki ba. Kusan duk rayuwata a hanya na yi ta, ina yi wa 'yan kasuwa tafinta, ina raka su sayen kaya. Na yi ciniki da Faransanci a Kwatano da Lome, na yi da Larabci a Alkahira, na yi da Yarabanci a Ikko, har ɗan guntun Jamusanci na taɓa kare kaina da shi. Kowane gari da irin tasa rawar. A Masar sai an sha shayi an yi ta rantsuwa. A ƙasar Turawa farashi na manne a gilashi, ka ga dama ka biya, ka ga dama ka wuce. A Kwatano wanda ya fara zaro kuɗi shi ne mai kaya. Amma akwai dabara ɗaya da na riƙe, wadda ba ta cika ba ni kunya ba. Ka faɗi kuɗinka, in an ƙi ka miƙe, ka kaɗe rigarka, ka kama hanya. Kafin ka kai ƙofa za a kira ka. Da wannan dabarar na dawo gidana a Maitumbi, ina jin duk garin babu mai koya mini ciniki.

Matata 'yar Kuta ce, Gbagyi. A shekarar an yi mata aiki a ƙugu. Ta warke, tana takawa da sanda, amma ba ta iya zama a kujera mai ƙasa, ba ta iya naɗe ƙafa. Keke mai ƙafa uku ya gagare ta, motar haya da ake cusa mutane kuwa ba a ma maganarta. Mahaifiyarta tana can Kuta, ta tsufa ƙwarai, ta daina fita, idonta ma ya soma tafiya. Tun kafin aikin ba su ga juna ba. Duk wanda ya zo daga can saƙonsa ɗaya ne, tsohuwa tana tambaya. Mun taɓa ɗaukar shatar mota, ba mu kai Gwada ba na ce direba ya juya, don na ga ta cije bakin mayafinta tana zufa. Hanyar Kuta ta bakin unguwarmu ta wuce. Da yamma takan sa a fitar mata da doguwar kujerarta ƙofar gida, ta zauna tana kallon motocin da suka nufi can har su ɓace. Ba ta taɓa ce mini komai ba. Ni ne na ce mata za mu sayi mota, kuma ita za ta zaɓa.

Maƙwabcina ya kai mu filin, ita tana kishingiɗe a kujerar baya. Dillalin da ya tarbe mu mutum ne mai jiki, mai magana a hankali kamar wanda bai taɓa yin sauri ba a rayuwarsa. Na gaya masa abin da ya kawo mu. Bai yi mamaki ba. Ya ɗebo makullai ya ce Hajiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta karɓe ta sai a yi magana.

Tana gwada kujeru, ni kuma na shiga yawo tsakanin motocin. Abin da nake so da tokumbo ke nan, kowace da ƙasar da ta baro a jikinta. Wannan da takardar wurin ajiye mota manne a gilashi da Faransanci, waccan da sunan wani gari da na taɓa kwana a cikinsa ina rawar sanyi. Sai in tsaya ina tunanin mai ita na farko, ko wata malamar makaranta ce da take fita da ita cikin hazo, ko wani tsoho ne da yake kai jikokinsa bakin teku. Ga su yanzu a ƙarƙashin mangwaro, awaki na wucewa ta gefensu, hadari na haɗuwa ta bayan dutse. Wata ma in ka buɗe ƙofarta sai ka ji wani ƙamshi mai sanyi da ba na nan ba, kamar ta riƙe numfashinta tun daga jirgin ruwa.

Muryar dillalin ce ta dawo da ni. Matata ta shiga wata mota mai ruwan toka, mai ɗan tudu, ƙofarta mai faɗi. Ba hawa ta yi ba, ba kuma faɗawa ta yi ba, juyawa kawai ta yi ta zauna kamar a bakin gadonta. Ta miƙe ƙafar, ta jingina, ta lumshe ido. Na san wannan fuskar. Ta riga ta wuce Gwada.

Na matsa kusa na yi mata raɗa cewa ta ɗan ɓata fuska, kada dillali ya gane. Ba ta ko buɗe ido ba ta ce, "Alhaji, ni ba ciniki na zo ba, zama na zo gwadawa."

Na duba motar yadda na iya. Na sa aka tayar da inji na saurara, na je baya na kalli hayaƙi, na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta, don na san gishirin da suke zubawa a titi lokacin sanyi yana cin ƙarfe. Na ga takardun kwastan. A aljihun gaba na tsinci wani ɗan faifan roba mai mariƙi, wanda ake kankare ƙanƙara da shi daga gilashi. Na mayar da shi wurinsa ina murmushi. Motar lafiyarta ƙalau. Na san abin da ake sayar da irinta a Kwatano, na san abin da hanya take ci, na san abin da ya kamata mai kaya da dillali su samu. Tun kafin mu zauna a benci na riga na yanke mata kuɗi a raina.

Ya faɗi nasa, na taya da abin da ni kaina na san wasa ne. Ya ce albarka. Na kushe fenti, ya yabi inji. Na ɗan hau, ya ɗan sauko. A haka har ya zo daidai inda na yanke a raina, ya tsaya. Ni kuma ina ƙasa da shi da abin da bai wuce kuɗin rago ba. Ya ce, "Baba Alhaji, nan ne gaskiyarta. In kana so ka bar tayinka a kanta, ka je gida ka yi shawara. Muddin maganarka na kai, ba mai taɓa ta."

To, dabarata ba ta aiki sai mai kaya ya yarda ka tafi ke nan. In ka bar tayi, ya san za ka dawo. Sai na miƙe na kaɗe riga na ce a'a, na haƙura, Allah ya kawo kasuwa. Ya sake tambayata ko na janye ne gaba ɗaya, na ce na janye. Muka taimaka wa matata ta fito, maƙwabcina ya wuce da ita, ni kuma na biyo su a hankali ina jiran kira. Na tsaya na gyara takalmi. Na tsaya na kalli hadari. Da na kai bakin titi na ɗan waiwaya, sai na ga ya ɗaga mini hannu yana cewa Allah ya kiyaye hanya.

Muka kamo hanya har muka kusa gida. Sai can daga kujerar baya matata ta ce, "A Masar ne ake kiranka, ko?" Maƙwabcina ya yi ta tari don kada ya yi dariya.

Na bari aka kwana biyu, don dillali ya ji zafin rashina. Da na koma motar tana nan, an wanke ta tana ƙyalli. Na zauna na ce to, na yarda da kuɗinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce akwai ciniki a kanta. Wani manomin doya daga Garatu ya zo bayan tafiyata, ya taya, an sallama masa, ya koma ya sayar da doya ya kawo kuɗi. Na tambaya ko ya ba da kafin alƙalami. Ya ce bai ba da ko sisi ba, hannu kawai suka yi. Na ji sanyi a raina, na ce ashe da sauƙi. Na ƙara a kan kuɗin. Ya ce albarka. Na sake ƙarawa, har na wuce abin da na san motar ta kai. Ya yi dariya ya ce, "Baba, da kai ka bar tayinka, shi ma haka zan ce masa. Ba a ɗora ciniki a kan ciniki."

Ba baƙon abu ya faɗa mini ba. Tun ina yaro na ji malamai suna faɗa, na kuma ga ana yi a kasuwar dabbobi. Yawo ne ya goge mini shi. Na taɓa ganin an sayar da mota a Kwatano alhali wanda ya fara tayawa yana zaune a cikinta yana gyara madubi. Na gaya wa dillalin haka, ya ce Allah ya kyauta, amma nan Minna ne. Ya ce irin wannan motar ba kullum take shigowa ba, ana iya yin watanni. Hanya ɗaya ce ta rage, in manomin da bakinsa ya ce ya janye. Ya kwatanta mini inda zan same shi.

Washegari da hantsi na hau motar haya zuwa Garatu. Lokacin sabuwar doya ne, an tsiba ta tuli-tuli a bakin hanya, ƙasa na jikinta, manyan motoci na lodi. Na sami mutumin a tsaye cikin doyarsa, dogo ne mai furfura, da ɗan gicciye a wuyansa. Muka gaisa da Hausa, irin tasa ta wanda ya koye ta a kasuwa. Na yi ta kewaye-kewaye irin na tafinta, daga ƙarshe na ce in zai janye, zan ba shi wani abu na wahalarsa.

Ya dube ni ya yi dariya har da dafa cinya. Ya ce ba zai yiwu ba. Tun aurensu matarsa a bayan babur take zuwa coci, cikin taɓo da ruwa, ya yi mata alkawarin mota kafin bikin godiya na girbi. Ya ce, "Alhaji, matana ya riga ya gaya ma duka kauye kala na mota. In na koma babu shi, a ina zan kwana?"

Na ga babu hanya. Muka zauna a kan wani kututture, ya sa aka kawo gasasshiyar doya da manja, tsofaffi biyu da matansu suka ɗaure. Muna ci ya tambaye ni, motoci sun cika filin, me ya sa sai wannan. Na gaya masa labarin ƙugu da sanda, da tsohuwar da take tambaya a Kuta. Ya daina tauna. Ya tambayi wace unguwa, wane gida. Da na faɗa ya ce ya san wurin, ta nan yake bi in ya je sayen irin doya. Ya kalli masu lodi, sannan ya ce, "Mota ba zan bari ba. Amma Kuta ba nisa."

Ya ce dama sabuwar mota tana son doguwar hanya a ji lafiyarta, shi kuma ya daɗe yana tuƙa a-kori-kura, ba zai jefa mu a rami ba. Na so in ƙi. Girman kai ya taso mini har wuya, ni da na zo sayen mota in koma da alfarmar kujera. Sai fuskar nan ta faɗo mini, ido a lumshe, ƙafa a miƙe. Na ce na gode. Daga nan muka shiga cinikin da ya fi kowanne daɗi a rayuwata, cinikin rana. Na ce ban da Juma'a, ya ce ban da Lahadi. Ya ce ban da ranar kasuwarsu. Muka sallama wa juna Asabar, muka yi hannu.

Ranar Asabar ɗin an kwana ana ruwa, gari ya waye a wanke. Motar ta tsaya a ƙofar gidana da matarsa a ciki, ta ci ado, don ta ce ba za a yi tafiyar farko ba da ita ba. Da ta ga matata da sanda sai ta fito daga gaba ta koma baya da kanta. Matata ta juya ta zauna kamar ranar farko. Ni da matar manomi muka zauna a baya.

Ba mu fita Maitumbi ba suka gane ashe harshensu ɗaya. Daga nan Hausa ta ƙare. Su ukun suka shiga Gbagyi, ni kuma da na yi tafinta a ƙasashe na zauna kamar buhun gero. Shekara da shekaru ina aure da wannan baiwar Allah, abin da na sani a harshenta bai wuce gaisuwa ba. Lokaci-lokaci sai in ji an ce Alhaji, in ji an ce Masar, sai motar ta ɗauki dariya. Ban tambaya ba, na san labarin.

Na jingina da gilashi ina kallon waje. Ƙasa ta yi kore shar, tsibin doya sun jeru har gindin duwatsu, ganyensu ya hau sanduna. Gajimare ya sauko ya zauna a kan tudu kamar ya gaji. Muka wuce 'yan matan Fulani da ƙoren nono, muka wuce garken shanu da fararen balbelu a bayansu. Manomin yana tuƙi a hankali, yana kauce wa kowane rami kamar yana ɗauke da ƙwai. Muka wuce wurin da muka taɓa juyawa, muka wuce Gwada. Na leƙa fuskar matata ta madubi, ba ta ma lura ba, tana cikin ba da labari da hannu biyu. Na daɗe ban ji muryarta da irin wannan ƙarfin ba. Sai na ji kamar motar ma ta san abin da take yi, kamar duk sanyin da ta sha a can da tekun da ta haye, don wannan safiyar ne.

A Kuta mun sami surukata a tsakar gida a kan tabarma. Ba ta ga wanda ya shigo ba, amma ta ji ƙarar sanda ta ɗaga kai. Matata ta kira ta. Aka kawo doguwar kujera aka ajiye kusa da ita. Tsohuwar ta miƙa hannu ta shafa fuskar 'yarta, ta gangaro kafaɗa, ta nemi ƙugun da aka yi wa aiki ta ɗora tafinta a kai ta bar shi a nan. Na gaishe ta na fita, don wurin ba nawa ba ne.

A waje na tarar da manomin a gindin kaɗanya, yana kankare laka daga takalminsa da ɗan faifan robar nan. Ya ce Turawa akwai dabara, har abin goge taɓo suke sa wa mota. Na gaya masa na ƙanƙara ne, a can ruwa yakan daskare a kan gilashi da safe sai an kankare. Ya dube ni, ya dubi abin, ya ce lallai masu yawo akwai labari. Ya ci gaba da goge takalminsa.

Sai da rana ta yi sanyi muka kamo hanya. Na so in zuba masa mai, ya ce in na ƙara maganar zai sauke ni a Gwada. Matata ta yi barci tun kafin mu yi nisa, kanta a jingine, bakinta da sauran murmushi.

Bayan an gama girbi surukata ta rasu. Wannan zuwan shi ne ganinsu na ƙarshe. Manomin ne ya sake kai mu zaman makoki, ba tare da an roƙe shi ba. Sai da rani ya yi nisa dillalin ya aiko cewa irin motar ta shigo. Na je na duba ta yadda na duba ta farko, na yanke mata kuɗi a raina, na zauna a benci na faɗa masa shi kai tsaye. Ya ce in ɗan rage mana, kada a ji a ce ya cuci tsoho. Na ce abin da ta kai ke nan. Ya yi dariya ya ce ya sallama.

Na sha zama ina tunanin wannan kuɗin ragon da na tsaya a kansa. Na san farashin gaskiya tun kafin in zauna, kuma shi aka faɗa mini. Abin da nake nema a ranar ba ragi ba ne, so nake a kira ni in waiwayo. Dillalin ya ƙi ƙarin da na yi masa saboda hannun da ya yi da wani, wanda ko sisi bai ajiye ba. Manomin ya riƙe motarsa saboda maganar da ya yi wa matarsa, ya kuma samo mana wuri a cikinta. Har yau duk shekara sabuwar doya takan iso gidana daga Garatu, mu ma da Sallah mukan aika musu da nama. Na koyi Gbagyi daidai yadda zan gane in ana yi da ni.

Tun daga wannan daminar ban sake miƙewa daga kan ciniki don a kira ni ba. In na san abin da kaya ya kai, nakan faɗa in zauna, in kuma zan tafi, nakan bar maganata a kai.